Igiya Mai Ƙulli Sha Ɗaya

Ran Talata ya hawo, mai duba gidajen renon yara,
Nibaldo Arancibia, yana haki,
don matakalar tudunmu ɗari da tara ce
kuma Valparaíso ba ta san tausayin gwiwa ba.
Ban ba shi kujera ba. Ba mu da ta manya.

Ya durƙusa. Nan ya fara shiga raina.
Ya ce wanda ya duba ɗakin yara a tsaye
saman kabad kawai ya gani.
Ya bi bango da rarrafe, taye na jan ƙasa,
yana latsa murfin kowane soket,
Millaray ta ɗare bayansa, ta ce ya ƙara sauri.

Ya zaro ɗan bututu daga aljihu,
faɗin maƙogwaron ɗan shekara biyu.
Abin da ya shige nan, in ji shi, zai shige can.
Idon 'yar tsana ya shige.
Shekara shida muna tare da ita.
Ta tafi kwandon shara da ido guda,
yaran ba su kula ba, ni ce na juya baya.

Firiji, digiri huɗu. Ya rubuta.
Ruwan zafi, ya tara hannu, ya jira, ya rubuta.
Sabulu da bilic suna can sama, bayan kwaɗo.
A ƙofar kicin sunan Gaspar da jan alƙalami:
gyaɗa, ko da ɓurɓushi.
Allurarsa na aljihun ƙirjina,
inda wasu ke ajiye waya.
Jarirai a rigingine, ba matashi, ba bargo.
Tukunyar kashe gobara ta wuce wa'adi da kwana tara.
Kwana tara!
Na rasa inda zan sa fuskata.

Sai ya ce, Doña Eduvigis, igiyar fa?

Na sauko da ita daga ƙusa.
Ƙulli sha ɗaya, kowa da nasa.
Duk Juma'a nakan buga murfin tukunya,
su shige ƙarƙashin tebur, su zama kunkuru,
kai a ciki, hannu a ƙeya,
in na ce a fito, kowa ya kama ƙullinsa,
mu haura tudu, mu ba teku baya.
Ya sa hannu a takarda. Ya sauka a hankali.

Alhamis, ana tsakiyar shan madara,
ƙasa ta yi gyaran murya.
Kofuna suka yi rawa, taga ta kaɗa haƙora.
Ban buga murfi ba, ba su jira ni ba.
Da ta lafa muka haura,
Rayén na goye da jariri, na rungumi biyu,
igiya na biye da ni kamar jela.

A fili na ƙirga. Goma.
Na sake. Goma.
Ƙulli na bakwai yana lilo, ba hannu.

Ban san yadda na sauko ba,
na dai bar takalmi ɗaya a hanya.

Yana ƙarƙashin tebur, Amaro,
kai a ciki, hannu a ƙeya,
madara na ɗiga ta gefe kan wandonsa.
Ya ce da muryar kunkuru, ƙasa-ƙasa:
ban ji kin ce a fito ba.

Takardar Nibaldo shafi goma sha biyu ce,
na bi ta layi-layi daren nan,
babu gurbin yaron da ya fi kowa bin doka.
Na sayi sabuwar tukunya da safe.
A bayan ƙofa, ƙasa da lambar motar asibiti,
na ƙara da hannuna, rubutun ya karkace:
ƙirga kafin ki fita.
Durƙusa.