Ƙofa ta dubu takwas da tamanin

Kuran ya dawo sha ɗaya saura kwata,
yaran Karkada suka yi ihunsu, suka koma barci.
Ni kaɗai a ƙaramin biro na bayan asibiti,
ni da uwar garke, baƙin akwati mai huci,
da shayin da Gambo maigadi ya ajiye mini tun isha'i.

An ce gobe da hantsi
sabuwar manhajar rajistar haihuwa ta fara aiki.
Na ɗora ta, na ce: ga ƙofarki, dubu takwas da tamanin.
Ta je, ta dawo da layi ɗaya:
akwai mai ita.

Gidan nan ƙofa dubu sittin da biyar gare shi, har da ɗoriya,
ganuwar Birni ko a mafarki ba ta yi haka ba.
Dubun farko na manya ne, sai da izinin mai gida.
Ashirin da biyu tawa ce,
ta nan nake leƙowa daga ɗakina in ruwan sama ya tare hanya.
Tamanin kuwa bakin Kasuwar Dole ce ran Alhamis.
Ɗari huɗu da arba'in da uku, ita ma ta kowa,
sai dai a rufe ake miƙa saƙo.

Na buga umarni: wa ke saurare?
Suka jeru a allo, kowa da lambarsa,
kowa zaune bakin ƙofarsa ya kasa kunne,
kamar masu garuwa a bakin famfon da bai kawo ba.
Can ƙasa na gan shi.
Wani ɗan shiri marar suna a kayen ofis,
Lawali ya tashe shi shekara uku da suka wuce,
kafin ya ajiye makulli ya bi motar Jado.
Lambar wayarsa ta daina shiga tun bara.

Kashe shi kalma biyu ce.
Na rubuta ta farko.
Sauro ya sauka a bayan hannuna, na kai masa mari,
kuma a wannan ɗan tsaikon na ce, bari dai in duba littafin baƙinsa.

Kullum asuba, biyar da minti goma,
wani na ƙwanƙwasawa daga ɗakin shan magani na Gafati.
Mace biyu, namiji ɗaya, iyaye lafiya.
Shekaranjiya: babu.
Jiya: tagwaye, a aiko da allurar tsai da jini.
Ƙasan kowane saƙo, Fassuma ungozoma.
Ban san fuskarta ba.
Ita ma ba ta san Lawali ya tafi ba,
ƙofa dai ta sani, kuma ƙofa na buɗewa.

Na goge kalmar, harafi harafi.
Wanda ya riga ka kwana, ai ya riga ka tashi.

Na matsa gaba. Da tamanin da ɗaya: na yi sallama, aka amsa,
na masu awon jini ce.
Da biyu: na yi sallama.
Shiru.
Na sake, na leƙa ta ciki ko ganuwa ce ta haɗiye muryata.
Ba kowa, ko tabarma.
A aikinmu kaɗai ake sallama a ji shiru a yi hamdala.

Na zaunar da baƙuwar a nan, na huda mata ganuwa daidai jikinta.
Na ɗauko kaye da bik, na rubuta abin da Lawali bai rubuta ba:
tamanin, ta Gafati, kada a taɓa.
Tamanin da biyu, sabuwa, Habu ya buɗe, daren Talata.

Gambo ya leƙo, ya ce an gama?
Na ce an gama.
Amma ban tashi ba.
Shayin ya yi sanyi, na shanye shi haka,
ina kallon agogon kusurwar allo
yana jan ƙafa zuwa biyar da goma.