Rijiyar Ɗan Jimma

A Bagalam, bayan gidanmu, akwai rijiya
mai sunan kakan babana.
Rijiyar Ɗan Jimma, in ji kowa,
har ƴan kabu-kabu da ita suke kwatance.
Tun da famfo ya shigo aka rufe bakinta da kwano,
aka danne da tsohuwar taya.

An ce da dare guga na sauka
ba igiya, ba mai ja.
An ce kada ɗiya mace ta leƙa,
ruwan zai riƙe fuskarta.

Watan da Inna ta ja ni ɗaki,
ta damƙa mini ƙyalle, ta ce na girma,
in rage gudu, in rage dariya,
a watan ne famfo ya ɗauke kwana tara.
Aka buɗe rijiya.
Rana ta biyu jan ɗan akuyarmu ya faɗa.

Lawali ya leƙa, ya tuna gwiwarsa na ciwo.
Sanusi ya tafi neman wanda zai nemo wani.
Kukan na ta dushewa
kamar rediyon da batirinsa ya gaji.
Na yi ɗamara da zanena,
igiya a ƙugu, ɗayan bakin a gindin dogonyaro.

Matakin farko ya karɓi ƙafata cif,
kamar takalmin salla da aka je da ni aka auna.
Na biyu ma haka. Na uku.
Tazararsu tazarar takuna.
Ɗan Jimma kuwa, an ce, sai ya sunkuya
kafin ya shiga zaure.

A gaba na tara sama ta koma faifai.
Nan na gan ta, zaune a wata ƴar baranda ta laka,
taɓo har gwiwar hannu, dagi a cinya,
tana tauna goro.
Hancina ne a fuskarta.

Ban yi ihu ba. Bakina ne ya ƙi.

"Kin daɗe," ta ce.
"Shekara saba'in ina sauke guga,
ana ta neman tsari,
ba wanda ya ce wa ke nan.
Shi yana sama riƙe da igiya,
aiki ne shi ma, ban raina ba.
Amma wata huɗu ni ke ƙasa,
da cikin kakanki, yana shurina ina sara.
Ranar da ruwa ya ɓullo
ni na fara ɗanɗana shi, da ƙasa-ƙasarsa.
Kafin in hau, an raɗa wa rijiya suna."

Na ce me kike so, sadaka?
Ta tofar da goro.
"Tasalla nake. Shi ke nan."

Ita ta saɓa mini ɗan akuyan a wuya.
Duk matakin da na ɗaga
akwai tafin hannu mai sanyi a dugadugina.

A sama Baba na jira da faɗa a baki.
Na riga shi: "Wace ce Tasalla?"
Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.
Sai Gwaggo Ige, da ba ta gani,
daga kan tabarma ta saki guɗa,
guɗar da ta tsufa a maƙogwaro,
ta fito da tari a ƙarshenta.

Da aka sake wa bakin rijiyar siminti
na jira magina suka tafi salla,
na ɗauki ƙusa.
Harafi bakwai, na ƙarshe ya karkace.

Har yau unguwa Ɗan Jimma take cewa.
Ni kuwa in na taso daga lise
nakan ce wa ɗan kabu-kabu, "Rijiyar Tasalla."
Ya waigo: "Ina ne nan kuma?"
In gyara zama, in ce,
"Ja mu je. Zan nuna maka."