Mai Gyaran Famfo

Shekara talatin da ɗaya ina bin bututun Ajiwa,
daga Ƙofar Sauri har Rafindadi,
in kara kunne a ƙasa in ji inda ruwa ke satar hanya.
Babu yoyon da ya taɓa kwana a hannuna.
Sai ga nawa ya zo.

Dare ne ya fara gutsurewa.
Tashi biyar, tashi shida, buta a hannu,
in tsuguna in jira kamar mai bin bashi,
ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, a ce in dawo gobe.
Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, na ɓoye wa Tabawa,
ashe tana ƙirga kukan ƙyaure a zuci.

Likita Sirajo, sa'an ɗana na uku,
ya zana mini abin a bayan takardar gwaji,
ɗan ƙullutu kamar goro, zaune a wuyan mafitsara.
Ya ce sankara ce, ya ce a cire.
Na gane zanen tun bai ɗaga biro ba.
Na ce, yaro, in ka yanke ka haɗa da kyau,
kar ka yi mini aikin 'yan kwangila.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗakin da sanyi, fitilu sun yi mini rumfa.
Aka ce in ƙirga zuwa goma.
Ina tuna huɗu.

Na farka da roba a inda ba a faɗi,
da jaka rataye a gefen gado
tana nuna wa masu dubiya
abin da na yi shekara sittin ina suturtawa.
Mako biyu babbar riga ta rufa mini asiri.
Da aka zare robar na ɗauka an gama,
sai tari ya ci amanata, atishawa ta bi sahu,
ko miƙewa daga tabarma sai na canza wando.

Na daina zuwa masallaci.
Daga ɗaka nake jin iƙama,
in san wa ya tsaya a gurbina, gefen ginshiƙi na dama.

Ranar Laraba Alhaji Na'iya ya yi sallama,
mutumin da muke majalisa tun muna hawa keke.
Ya zauna, ya fasa goro, ya daɗe yana kallon rabin.
Ya ce, nawa shekara takwas ke nan.
A Zariya aka yi, na ce muku Umara na tafi.
Ya ce, na tambayi malamai, lalura tana da hukuncinta,
sa ƙyalle, sake alwala, ka fito.
Wanda ya ɗora maka ya fi ka sanin nauyin.
Muka yi shiru, tsofaffi biyu,
kowa da ƙunzugu a ƙarƙashin shadda.

Akwai abin da wuƙa ta tafi da shi
da ba a rubuta a takardar sallama ba.
Na ce, Tabawa, wani abu bai dawo ba,
kuma likita bai yi alkawari ba.
Ba ta ɗago daga tsintar wake ba.
Ta ce, ranar da aka tura ka ɗakin nan
numfashinka kawai na roƙa.
Miƙo mini faifan can.

Duk wata uku ina kai jini su karanta.
Lambar ta yi ƙasa, sun ce haka ake so.
Kwana uku kafin ranar ba na cin tuwo sosai.

Jiya da asuba na tsaya gefen ginshiƙi,
na yi ruku'u a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike.
Da na dawo, famfon tsakar gida na ɗiga,
ɗis,
ɗis.
Sifana na nan a akwati, na san inda ciwon yake.
Na daɗe a tsaye ina sauraro.
Na jawo bokiti na tara masa,
na ce, bari rana ta fito tukuna.