Ɗigo Ɗaya, Ɗigo Hamsin

Tsawa ta faɗi a Dogon Dutse daren Talata,
ta ƙone mana rauta, ta bar falo da warin roba.
Laraba na sayo sabuwa a Taminus, mai ƙaho huɗu.
Kafin magariba kowa ya samu hanya,
wayar Tasallah, talabijin, har tsohuwar kwamfutar yara.
Akwatin ajiya kaɗai ya ƙi amsa sallama.

Ga shi nan ƙarƙashin teburi, fitilarsa kore shar,
fankarsa na huci, faifansa na juyi.
Da ransa.
Amma in na kira shi
sai allo ya ce ba a san mai wannan suna ba.

Shekara goma sha ɗaya ce a cikinsa:
hotunan sunan Muhibba, takardun filin Bukuru,
da muryar Inna, minti arba'in da bakwai,
tana ba jikoki labarin zamanin haƙar kuza.

Na canza igiya. Na hure ramin kamar mai hura gawayi.
Na kashe, na ƙirga talatin, na kunna.
Na sake kashewa.
Tasallah ta ajiye shayi, ya huce, ta ɗauke.

Da sassafe na kira Davou, maƙwabcina.
Ya shigo da rigar sanyi da silifas,
ko sukudireba bai riƙo ba.
Ya ce, "Wace lamba ka ba shi?"
Na karanto kamar hadda:
ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo ɗaya, ɗigo hamsin.
Ni na kafa masa ita da hannuna don kada ya yi ta yawo,
na ce nan ne gidanka, ko sama da ƙasa za su haɗe.

Davou ya kifa sabuwar rauta, ya karanta cikinta,
ya yi dariya har da tari.
"Ai wannan sifili take rabawa, ba ɗaya ba.
Mutanen gidanka duk sun tashi sun koma unguwar sifili,
shi yana can unguwar ɗaya
yana gadin ƙofar da aka rushe."

Ban yi dariya ba.
Inna har ta koma ga Allah,
in mai keke ya ce, "Hajiya, ina muka nufa?"
sai ta ce Layin Dilimi, gida mai bishiyar fiya,
alhali mun baro can tun shekarar gudu.
Mu ce, Inna, ba can ba.
Ta ce, "Ni dai can na sani."
Ban gaya wa Davou ba.
Su ma sun baro wani layin a wannan shekarar.

Ya ce, "Ba ya kiruwa daga nan. Sai an je."
Ya sauya wa kwamfutata lamba, ɗigo ɗaya, hamsin da ɗaya,
ƙofa da ƙofa ke nan,
ya haɗa su da igiya guda, ba ɗan aike a tsakani,
ya ƙwanƙwasa.

Amsa.
Amsa. Amsa. Amsa.

Muka shiga, muka goge ɗaya, muka sa sifili,
muka nuna masa sabuwar ƙofar fita,
muka ce wa rauta ta fara rabonta daga ɗari
don kada wayar baƙo ta kwana a ɗakinsa.

Da ya tafi na buɗe muryar.
Inna ta yi gyaran murya, cokali ya bugi kofi,
ta ce, "To, ina muka tsaya?"

Na rubuta lambar a guntun salatif, na manna a murfi.
Tasallah daga kicin ta ce, "In wannan ma ta ƙone fa?"
Na ce sai mu sake komawa mu ɗauko shi.
Hadari na haɗuwa ta wajen Shere.
Na tashi na zare soket.