Baƙuwar da Ta San Hanya

Ƙarfe bakwai na tsaya a bakin tashar jiragen ruwa,
riƙe da allo mai sunana: Fulgence, ɗan jagora.
Mutum goma sha uku suka hau motata
da huluna masu faɗin faifai,
sai ta goma sha huɗu,
tsohuwa da sanda da shuɗiyar jaka.
Ta zaɓi kujerar baya, ba ta ce uffan ba.

Na kama karatun da na haddace:
ga ayaba a dama, ga koko a hagu,
ga tagwayen duwatsu can sun miƙe daga teku
kamar kunnuwan jakin da ya ji motsi.
Aka yi dariya inda aka saba yin dariya.
Hanya ta yi ta murɗewa har cikin wani yaro ya murɗe,
muka tsaya ya mayar da karin kumallo a gindin gwanda.

Kafin ido ya ga Soufrière, hanci ya riga shi.
Warin baragurbi. Farar wuta.
Kowa ya toshe hanci da gefen riga,
ita kuwa ta zuge taga,
ta shaƙa, ta lumshe ido
kamar wadda ta jiyo miyar gidansu.

Ƙasa na tafasa a nan, ba murhu ba itace,
baƙaƙen tukwane na zaɓaɓɓaka.
Na ce: ku shafa taɓon nan, zai rage muku shekara goma!
Shekara sha biyu ina faɗin haka,
furfurata sai ƙaruwa take.
Suka shafe juna, fari da baƙi suka koma toka-toka,
wani ya zana wa matarsa gashin baki,
wayoyi na ta ƙyaftawa.

Ita ba ta nemi hoto ba.
Ta zauna a matakala ta uku, ta tsoma ƙafafu,
ta ɗebi laka a tafi, ta murza a gwiwa, sannu.
Ta ce da ni cikin Kiriyol irin na kakata,
wanda yanzu sai wurin jana'iza ake jin sa:
"Yaro, da can babu matakala.
Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa.
Uwata kan kawo ni da asuba saboda ƙaiƙayin ƙafa."

Harshena ya sarƙe.
Eudoxie ce, 'yar Ma Titine mai wainar rogo.
Shekara arba'in da ɗaya tana jinyar mutane a Birmingham,
yau ta yanki tikiti ta zo kallon garinsu.

A mafaɗar ruwa sanyi ya karɓe mu.
Ruwa na sauka daga ƙoƙon dutse,
yana dukan kafaɗa kamar mai bin bashi.
Baƙi suka shiga da ihu, suka fito da ihu,
taɓo ya bi ruwa, kowa ya koma kamanninsa.
Ta miƙo mini sanda. Ta shiga da rigarta.
Ta tsaya, ta daɗe,
bakinta na motsi, rugugi na haɗiye maganar.
Sunaye take kira, ko addu'a, ko zagi, ban sani ba.

Da za mu koma na kashe lasifika.
Ta dawo kujerar gaba, tana ɗiga a kan takarduna,
tana nuni da yatsa: nan makaranta take,
nan Anselm ya faɗo daga mangwaro ya karya haƙori,
nan aka tare ta ranar tafiya da soyayyen kifi a ganye.
Mutum goma sha uku suka yi tsit, har yaron.
Na rage gudu.
Jirginsu ya jira, ko kar ya jira.

A tasha ta cusa mini kuɗi, na mayar,
ta harare ni, na karɓa.

Da daddare ina wanke mota
na ga busasshen taɓo a gefen tagar baya,
shatin yatsu huɗu.
Na goge kujeru, na goge tayoyi, na share yashi.
Gobe ƙarfe bakwai akwai wasu sha huɗu.
Wurin nan dai na tsallake shi.