Randar Kyauta

A Rikoto, bayan tsamiyar da aradu ta tsaga,
akwai randa guda da ta girme ni, ta girmi uwata.
Kakata Kyauta ce ta ɗauko ta a ka daga Dabai
shekarar da mijinta ya dawo daga yaƙi
da kunne ɗaya da tsohon bargo.
Fansho ya yi nauyin ƙafa.
Randa ta riƙe gida.

Jar dawa take jiƙawa, ta lulluɓe da ganye
har ƙwaya ta fid da farin haƙori,
ta shanya, ta durƙusa kan dutsen niƙa.
Ba ta san agogo ba, da hanci take aiki.
In ta sunkuya bisa tukunya ta ce "Da saura,"
ko hakimi ne ke jira, da saura.

Iri uku take fitarwa, kowanne da sunan da ta raɗa masa.
Ɗan Safe, ruwan fari da bai kwana ba,
zaƙi kamar an matse takanɗa,
shi ake sam wa mai jego.
Mai Garma kuwa kauri gare shi,
rabi abinci ne, rabi ƙarfin hali,
na samarin golmo masu huɗar gonar surukai
shekara bakwai saboda murmushi ɗaya.
Na ukun, Zauna Tukuna,
kaura ce zalla, kwana uku a duhu.
Ba ya fita sai ranar Uhola, ko in babba ya kwanta dama.
Ƙwarya guda, tsoho zai kira sunan ƙanensa
da kogi ya ci tun suna yara.

Da Kyauta ta rasu, uwata Rifkatu ta karɓi ludayi.
Ta sayo gangunan ƙarfe, ta koma injin niƙa,
tana zana bashi da gawayi a jikin katanga.
Damina ɗaya ta wanke mata sule tamanin,
ta yi dariya ta ce Allah ya yafe musu kafin ita.
Fasto ya yi wa'azi a kanta ranar Lahadi,
ta zauna a bencin gaba, ba ta sunkuyar da kai ba.
Maƙwabcinmu Malam Nomau bai taɓa ɗanɗanawa ba,
ko inuwar rumfar ba ya bi,
amma dusarmu ce ta yi wa shanunsa tozo,
itacensa ne ke ci a murhunmu.
Shekara talatin suna ciniki ta kan danga.

Sai kwalabe suka zo cikin mota, da sanyinsu.
Samari suka koma can.
Tsofaffi dai suka tsaya.

Yanzu ni ce, Alheri.
Gonakin gefen daji sun zama wurin da ba a ambata,
mudun dawa yana hawa kamar mai gudun kare.
Na daina Mai Garma, babu masu garmar.
Randa ta tsage a wuya, na ɗinke ta da waya da siminti.
Cikinta ne dai ban taɓa wankewa ba,
haka aka ce mini, ban tambayi dalili ba.

Bara 'yata Murna ta zo hutu daga Aliero,
ta leƙa ciki, ta lakato farin abin da ke gindi.
Ta ce wannan yana da rai, Mama,
tun na kaka ne yake haihuwa, yake haihuwa.
Ta faɗi sunansa na boko, ya shige ni.

Da dare na fito da fitila.
Na kara kunne a bakin randa.
Tana ƙus-ƙus can ƙasa, kamar mai magana da kanta.
Na shaƙa.
Da saura.