Mai Lamba Goma Sha Bakwai

A dajin Rog, inda rana ke tsayawa bakin ƙofa
ta yi sallama ba ta shigo ba,
babana Venčeslav ya ɗaura wa wata 'yar bishiya lambar gwangwani
a shekarar da aka haife ni.
Jelka muke ce wa irinta a nan.
Goma sha bakwai, in ji littafinsa.

Na yi rarrafe, na miƙe, na kere shi tsawo,
ita tana nan iya ƙuguna.
Shekara talatin da ɗaya,
kaurinta bai kai ƙotar gatari ba.

Kanta ya baje kamar laima,
rassa sun miƙa tafi gefe da gefe
suna tarar abin da ya zubo daga hannun manya:
haske tsaba-tsaba, na 'yan mintoci, da tsakar rana.
Wata shekara rabin farce ta ƙara.
Sau biyu na auna.

Na ce, Baba, wannan ai ta mutu a tsaye.
Ya ce, Zvonka, rubuta abin da sandar awo ta faɗa,
naki bakin ki ajiye.

Sai daren da ruwa ya daskare a kan rassa.
Muna kwance muna jin daji na karyewa
kamar ana fasa kwalabe a ɗaki na kusa.
Da safe babbar da ta yi mata rumfa tana ƙasa,
saiwoyi a sama,
ga rami a rufin daji, faɗin tsakar gida.

Na zaci za ta zabura.
Ina! Ganyenta na inuwa ne, rana ta gasa shi ya yi ja.
'Ya'yan bukev kuwa, waɗanda jiya-jiya suka tsiro,
suka yi caa, kafaɗa da kafaɗa,
kowa na taka ƙafar wani,
damina biyu suka kamo wuyanta.
Ta sha takwas, maƙwabciyarta,
barewa ta gatse mata kai cikin dusar ƙanƙara.
Na ja layi a kan lambarta.

Bazara ta uku, Baba ba ya iya hawa tudu.
Ni kaɗai na je.
Laima ta tsuke, tsini ya fito,
toho ɗanye shar, taƙi guda da yatsa biyu.
Ban ce ta ci ba. Bukev na bayanta, suna numfashi.

Kafin in sauka na zauna kan kututturen babbar,
inda zarto ya bi.
Zobban baki masu faɗi ne, yatsa na shiga.
Can tsakiya kuwa sun matsu kamar zaren ɗinki,
na ƙirga tamanin da ƙusa, ido ya yi ruwa,
duka tafin hannuna ya rufe su.

Na kai wa Baba littafin.
Ya duba lambar, ya goge tabarau, ya sake dubawa,
ya ce, Sau biyu kika auna?